Yadda Ake Gane Malam-buɗe-littafin Tsutsar Wake Daga Zanen Fikafikansa

Duk manomin wake ya san tsutsar da ke shiga cikin fure ta cinye shi, ta kuma huda kwanso ta bar kashinta a bakin ramin cakuɗe da zaren da ta saƙa, amma kaɗan ne daga cikin manoma, har ma da wasu malaman gona, za su iya nuna ƙwaron da ya saka ƙwan da tsutsar ta fito daga ciki idan ya sauka a gabansu. Ƙwaron nan wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafin dare ne wanda masana suke kira Maruca vitrata, kuma yana rayuwa a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka da tsibiran tekun Fasifik. A gonakin wake na Afirka ta Yamma, inda Najeriya da Nijar suke kan gaba a duniya wajen noman wannan amfani, ɓarnarsa tana kaiwa daga kashi 20 zuwa kashi 80 cikin 100 na abin da za a girbe idan ba a ɗauki mataki ba. Gane shi ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Yana buƙatar a bi abubuwa daki-daki, a fara da sanin danginsa, sannan a karanta fikafikansa, kuma a ba fiffiken baya muhimmancin da mafi yawan masu kallo ba sa ba shi.

Ya kamata a fara da sanin inda masana suka ajiye shi, domin wanda ya san dangin ƙwaro ya rage wa kansa fiye da rabin wahala. Maruca yana cikin babban rukunin Lepidoptera, wanda ya haɗa duk wani malam-buɗe-littafi na rana da na dare, kuma abin da ya haɗa su shi ne ƙananan ɓawo masu laushi da suka lulluɓe fikafikansu, waɗanda suke manne wa yatsa kamar gari idan an taɓa. A cikin wannan rukuni yana ƙarƙashin babban dangin Pyraloidea, mai nau'o'i kusan 16,000 da aka riga aka bayyana, wanda ya rabu gida biyu, Pyralidae da Crambidae. Maruca ɗan Crambidae ne, daga reshen Spilomelinae, reshen da ya fi kowane yawa a babban dangin, da nau'o'i sama da 4,000. Abin da ya raba Crambidae da Pyralidae ba ya bayyana a zanen fiffike. Yana cikin ƙirar wata gaɓar ji da take gindin ciki, wadda ƙwaron yake jin kukan jemage da ita ya kauce masa, da kuma yadda wasu jijiyoyin fiffiken gaba suke rabuwa. Wannan aikin masu madubin ƙara girma ne, kuma mai duba gona ba ya buƙatarsa.

Akwai ruɗani guda game da suna wanda ya kamata a kawar tun da wuri. Johan Christian Fabricius, masani ɗan ƙasar Denmak kuma almajirin Linnaeus, wanda ya kafa tsarin sanya wa halittu sunayen kimiyya, shi ne ya fara bayyana ƙwaron a 1787 da sunan Phalaena vitrata. A 1832 Carl Geyer na Jamus ya sake bayyana shi da sunan testulalis, ba tare da an gane cewa abu ɗaya ne ba, sannan a 1859 Francis Walker na Ingila ya kafa gidan Maruca, wato ƙaramin rukunin da yake haɗa nau'o'i makusanta, wanda sunansa ne kalmar farko a sunan ƙwaron. Sunan Maruca testulalis ne ya yi ta yawo a littattafan aikin gona tsawon shekaru, shi ya sa wanda ya buɗe tsofaffin rahotannin bincike kan wake zai ga wannan suna, zai kuma ga an saka ƙwaron a cikin Pyralidae, domin a lokacin ana ɗaukar dangogin biyu a matsayin ɗaya. Ƙa'idar sanya wa dabbobi suna ta ce sunan da ya riga shi ne mai ƙarfi, don haka vitrata ya karɓi matsayinsa. Idan aka ga an rubuta Maruca vitrata (Fabricius, 1787), bakan da aka sa wa sunan masanin yana nuna cewa an fitar da ƙwaron daga gidan da ya fara saka shi zuwa wani gidan. Sunayen biyu na ƙwaro ɗaya ne, kuma babu dalilin neman bambanci tsakaninsu a gona.

Samun ƙwaron a hannu yana da hanya biyu. Ta farko ita ce fitila. A rataya farin ƙyalle a gefen gona lokacin da wake ya fara fure, a haska shi da fitila mai farin haske bayan magariba, a jira. Daren da babu farin wata kuma babu iska mai ƙarfi ya fi ba da sakamako. A arewa, daga tsakiyar damina zuwa kaka ne ake sa ran ganinsa, domin ƙwaron ba ya jure rani a busasshen yanki. Yana shafe wannan lokaci a kudu mai laima, a kan furannin bishiyoyi da ciyayi dangin wake irin su talaki da zamarke, sannan ya biyo ruwan sama zuwa arewa. Matsalar fitila ita ce tana jawo kowa da kowa, kuma ba ta faɗa wa mutum shukar da ƙwaron ya fito daga cikinta.

Hanya ta biyu ta fi jinkiri amma ta fi tabbas, kuma ita nake ba mai koyo shawarar ya fara da ita, wato kiwon tsutsar har ta rikiɗa. A tsinko fure ko ɗanyen kwanso mai alamar huda, musamman inda kwanso biyu suka haɗu ko inda kwanso ya jingina da ganye, domin nan ne tsutsar ta fi son saƙa zarenta. Tsutsar Maruca fara ce mai ɗan duhu, kanta ruwan ƙasa ne mai duhu, kuma kowace gaɓa ta bayanta tana ɗauke da ɗige-ɗige baƙaƙe a jere bibbiyu, tsawonta kuma ba ya kai santimita 2 ko da ta gama girma. A saka ta a kwalba mai tsabta, a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa, a rufe bakin da ƙyalle mai barin iska, a riƙa canza mata sabon fure ko kwanso kullum kafin na ciki ya ruɓe. Tana saɓa sau da yawa, ta bi matakai 5 na girma, sannan ta daina ci, ɗige-ɗigen su dusashe, ta saƙa wa kanta makwanci ta kwanta. Bayan kamar mako guda malam-buɗe-littafin zai fito da fikafikai sababbi waɗanda ko ɓawo ɗaya bai zube daga kansu ba, kuma babu samfurin da ya kai wannan kyau wajen koyon zane. Wani lokaci abin da zai fito daga kwalbar ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai kama da zanzaro, wanda uwarsa ta saka ƙwai a jikin tsutsar ko a cikin ƙwanta. Kada a ɗauka aikin ya ɓaci, domin irin waɗannan maƙiya na Maruca ne masu binciken cibiyar IITA, mai nazarin aikin gona a ƙasashe masu zafi, suka shigo da wasu nau'o'insu daga Asiya suka saki a Afirka ta Yamma don rage ɓarnar.

Kafin a taɓa ƙwaron, a kalli yadda yake zama, domin zamansa ma shaida ce da take ɓacewa da zarar ya mutu. Maruca ba ya naɗe fikafikansa a jiki, ba ya kuma haɗa su sama kamar na rana. Yana baza su gefe da gefe har a ga wani ɓangare mai yawa na fiffiken baya, ya ɗaga gaban jikinsa a kan dogayen ƙafafu sirara. Jikinsa siriri ne, ƙahonninsa na ji dogaye ne marasa gashi a gefe kuma marasa ƙulli a kai, yakan kwantar da su baya a kan jiki. Idan aka girgiza wake da rana yakan tashi ya yi ɗan gajeren tafiya ya sake ɓuya a ƙarƙashin ganye. Wanda yake da gilashin ƙara girma ya duba gindin bututun bakin da ƙwaron yake naɗewa, zai ga ɓawo ya rufe shi, alamar da 'yan Pyraloidea suke da ita wadda manyan malam-buɗe-littafin dare masu kauri ba su da ita. A ɗauki hoto a wannan hali, daga sama kai tsaye, da abin awo a gefe.

Idan ana son a adana shi, a saka kwalbar a cikin firiza na wasu sa'o'i, sannan a fito da shi a bar shi ya saki kafin a motsa fikafikan. A soka siririyar allura a tsakiyar ƙirjinsa, a kafa a kan soso ko kwali mai laushi da aka yi wa ɗan kwari a tsakiya domin jiki ya shiga, a ja fiffiken gaba da bakin wata allurar har gefensa na baya ya miƙe daidai da na ɗaya ɓangaren, a jawo na baya ya biyo shi, a danne su da siraran takardu. Yatsa ba ya taɓa fiffike ko kaɗan. Daga tsinin fiffike zuwa tsinin ɗaya, Maruca yakan kai milimita 20 zuwa 25, wani lokaci ya ɗan ɗara. Abin da ya haura milimita 30 kuma yake da jiki mai kauri, a nemi sunansa a wani wuri.

Yanzu sai karatun fiffiken gaba. Dogo ne, ba shi da faɗi sosai, launinsa ruwan ƙasa, gefensa na gaba yana ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa mai duhu, kuma idan haske ya faɗa masa a karkace yakan yi ɗan sheƙi. A kan wannan ƙasa akwai fararen tabo guda uku waɗanda girmansu ya bambanta ƙwarai. Babban cikinsu yana bayan tsakiyar fiffike, wajen tsini. Dogo ne, ya taso daga kusa da gefen gaba ya gangaro a kan fiffiken, amma bai ratsa shi gaba ɗaya ba, ya tsaya kafin ya kai gefen baya, kuma bakinsa ba a miƙe yake ba, yana da 'yan lanƙwasa. Na biyu ƙarami ne, yana tsakiyar fiffike kusa da gefen gaba. Na uku ɗigo ne kawai, yana ƙasa da na biyun ta wajen gindi, kuma shi ne yake fara ɓacewa idan ƙwaron ya tsufa. Kowane tabo yana da siririn baƙin layi da ya kewaye shi. Abin da ya fi launinsu muhimmanci shi ne cewa ba farin fenti ba ne, wurare ne da ɓawon ya yi ƙaranci har haske yake ratsawa. Ana gwada wannan cikin sauƙi: a ja baƙin layi a farar takarda, a riƙe ƙwaron da allurarsa a kan layin, za a hango shi ta cikin babban tabon.

Mafi yawan masu koyo a nan suke tsayawa, kuma a nan ne suke kuskure, domin ruwan ƙasa mai fararen tabo zane ne da 'yan Spilomelinae da yawa suke da shi. Fiffiken baya ne yake raba gardama. A Maruca wannan fiffike fari ne kusan duka, haske yana ratsa shi, kamar farin mayafi mai shara-shara da aka yi wa baki da ƙyalle ruwan ƙasa. Bakin nan shi ne abin dubawa da kyau. Yana da faɗi a kusurwar sama, inda fiffiken baya yake haɗuwa da na gaba, sai ya riƙa sirancewa yana gangarowa, ya ƙare kafin ya kai kusurwar da take kusa da ciki. Iyakarsa ta ciki, inda ruwan ƙasa ya haɗu da fari, a karkace take da lungu-lungu, kuma wani layi mai duhu ya bi ta. A cikin farin akwai 'yan layuka marasa ƙarfi masu lanƙwasa da ɗan tabo kusa da gefen gaba, waɗanda sai an sa ido ake gani. Saboda haka ƙwaron da ya baza fikafikansa yana bayyana da launi biyu a sarari, duhu a gaba da fari a baya, kuma wanda ya saba yana gane wannan daga nesa tun kafin ya ƙirga tabo. Mace da namiji zanensu ɗaya ne, don haka ba a raba su ta fiffike.

Wanda aka fi rikita shi da Maruca shi ne Spoladea recurvalis, wanda Fabricius ɗin nan ya bayyana a 1775, kuma tsutsarsa ce take naɗe ganyen alayyafo tana ci. Girmansu kusan ɗaya ne, reshensu ɗaya, kuma a lambun da aka shuka alayyafo kusa da wake za su sauka a kan ƙyalle ɗaya a dare ɗaya. Spoladea ya fi duhu, farin da ke jikinsa kuma ratsi ne, ba tabo masu baƙin kewaye ba: ɗaya ya bi tsakiyar fiffiken gaba yana da ɗan ƙugiya, wani gajere ya sauko daga gefen gaba da 'yan ɗige-ɗige a ƙarƙashinsa. Fiffikensa na baya duhu ne, farin ratsi guda mai faɗi ya bi ta tsakiyarsa ya haɗu da na gaba, cikinsa kuma yana da fararen zobba. Ke nan a Spoladea duhu ne ya mamaye fiffiken baya fari ya ratsa, a Maruca kuwa fari ne ya mamaye duhu ya tsaya a baki. Wanda ya riƙe wannan ba zai ƙara haɗa su ba.

Na biyu shi ne Diaphania indica, mai cin ganyen kabewa da kankana da kokwamba. Shi ma fiffikensa na baya fari ne mai ratsa haske da baki ruwan ƙasa, amma farin ya haura har tsakiyar fiffiken gaba, bakin kuma santal yake, faɗinsa kusan ɗaya, ya kewaye fikafikan biyu ba tare da lungu ba. A ƙarshen cikinsa akwai tuntun gashi mai ruwan goro wanda yake kaɗawa idan ya zauna, abin da Maruca ba shi da shi.

Akwai wasu biyu kuma da ake samu a kwanson wake, amma ba su da wahala idan an bi matakin farko na sanin dangi. Etiella zinckenella ɗan Pyralidae ne, yana naɗe siraran fikafikansa a jiki, yana da dogon baki da ya miƙe gaba da farin layi a tsawon gefen fiffike. Helicoverpa armigera, tsutsar da ta addabi auduga da tumatir, ɗan wani dangi ne daban, Noctuidae, kuma shi ne dalilin da ya sa ba a fara karatu da fiffiken baya kai tsaye, domin nasa ma fari-fari ne mai baki mai duhu. Amma faɗinsa yana kaiwa milimita 35 zuwa 40, jikinsa kakkaura ne mai gashi, fiffikensa na gaba ba shi da wurin da haske yake ratsawa, kuma idan ya zauna yana rufe na bayan gaba ɗaya.

Ƙwaron da ya kwana a tarko ko ya yi kwanaki yana tashi yakan zubar da ɓawonsa, ruwan ƙasan ya koɗe, wuraren da suka goge su yi kama da tabo na asali. A irin wannan hali a nemi baƙin layin kewaye, domin gogewa ba ta da shi, a kuma duba ko tabon yana wuri ɗaya a fiffiken dama da na hagu. Idan bakin fiffiken baya ya yage har ba a iya bin iyakarsa, gara a rubuta cewa ɗan Spilomelinae ne a tsaya nan, da a ba shi sunan da ba a tabbatar ba. Akwai kuma iyakar da zane ba ya wucewa. Gidan Maruca yana da wasu 'yan nau'o'i a Asiya da tsibiranta, irin su Maruca amboinalis, waɗanda masana suke rabawa ta hanyar duba gaɓoɓin haihuwa a ƙarƙashin madubi. Binciken ƙwayoyin halitta ya kuma nuna bambanci tsakanin Maruca na Kudancin Amurka da na Afirka da Asiya duk da kamannin fikafikansu, sannan tarkon da ake sa wa ƙamshin macen ƙwaron don jawo maza, wanda ya kama su sosai a Jamhuriyar Benin bai yi irin wannan tasiri a wasu ƙasashen Asiya ba. Ga mai duba gonar wake a Afirka ta Yamma dai, tabo uku masu ratsa haske da farin fiffiken baya mai karkataccen baki sun isa a kira shi vitrata.

Amfanin wannan duka yana bayyana wajen yanke shawarar feshi. Macen tana saka ƙwai a kan tohon fure da furen kansa, ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana biyu zuwa uku, kuma da zarar tsutsar ta shige cikin fure ko kwanso magani ba ya isa gare ta da sauƙi, don haka yawaitar manyan a kan ƙyallen fitila gargaɗi ne cewa a fara buɗe furanni ana dubawa tun washegari. Haka kuma irin waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta samar aka kuma amince da shi a 2019, an gina kariyarsa ne a kan wannan tsutsa, ba ya hana ƙwarin da suke tsotson kwanso ko ƙananan ƙwarin da suke zubar da fure. Manomin da ya ga Spoladea ya ɗauka Maruca ne zai iya zargin irin waken da ya shuka ko ya yi feshin da ba a buƙata.

Samfurin da aka shimfiɗa yana bushewa cikin kamar mako guda, da sanyin hunturu ma bai kai haka ba, kuma a wannan lokaci tururuwa ce babbar abokiyar gabarsa, don haka a ɗora soson ko kwalin a inda ba za ta hau ba. Bayan ya bushe a cire takardun, a soka ƙaramar takarda a ƙasan allurar ɗauke da sunan gari, kwanan wata da shekara, shukar da aka same shi a kai, da ko fitila ce ta kawo shi ko kiwonsa aka yi, domin samfurin da ba shi da wannan bayani ba ya amfanar mai bincike komai kyawunsa. A ajiye shi a akwati mai rufewa sosai tare da ƙwayar kafur, nesa da hasken rana da laima. Wanda yake shakka zai iya kai samfurin ko hotonsa ga malamin gona, ko sashen nazarin ƙwari na jami'a mafi kusa, ko ya ɗora hoton a manhajar iNaturalist, amma ya tabbata hoton ya nuna fiffiken baya a buɗe tare da abin awo a gefensa.